Na sauke kilo 12, huɗu sun dawo: yaya ake riƙe jiki bayan an gama rejim?

Mai Shagon Atamfa, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum warahmatullah, ƴan'uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin kiwon lafiya da kuma duk wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki. Shekaruna 47, ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maradi, kuma aikina na zama ne, domin daga hantsi har magariba ba na tashi daga kan benci sai in lokacin salla ya yi, ko kuwa mai saye ya nemi a sauko masa da turmi daga sama. Bara da damina na je awo saboda ciwon kai da ya ƙi jin magani, aka tarar tansiyo ya hau, wato hawan jini, sukarin jinina kuma yana bakin iyaka, sikeli ya nuna kilo 98 alhali tsawona mita 1 da santimita 74 ne. Likita ya sa ni rejim, na kuwa riƙe shi da gaske: na bar lemon kwalba, na bar soye-soye, na bar tuwon dare, na rage fura, har cikin wata takwas na sauko zuwa kilo 86, ciwon kai ya tafi, gwiwoyina suka daina ƙara idan zan tashi daga sujada.

Abin ya fara warwarewa ne bayan babbar salla. Na ce da kaina ai soyen layya na kwana biyu ne, sai kwana biyun suka zama wata guda, tun da akwai shi a langa a ɗakin kowace mace. Ga mahaifiyata kuma, duk ranar da na je gaishe ta sai ta dubi wuyan rigata ta ce an bar ni da yunwa, ta sa a dama mini fura mai sukari, ni kuwa ba ni da fuskar da zan mayar mata da ƙwarya cike. A kasuwa ma na ji ana raɗe-raɗin ko jari ne ya karye, saboda a garin nan ɗan kasuwa ba ya rama banza a idon mutane. Jiya na hau sikeli na ga 90.

Yanzu ga yadda nake ci. Da safe koko da ƙosai, wani lokaci burodi da shayin madara. Da rana fura, sannan a kawo shinkafa da miya daga gida. Bayan la'asar yaran shago su ɗora shayi, mu sha har zagaye uku. Da dare muna ciyayya a ƙofar gida, mu magidanta huɗu, kowa da akushinsa. Ba hanyar rage ƙiba nake nema ba, wannan na riga na san ta. Abin da nake so in sani shi ne yadda mutum zai riƙa ci kullum, daga tukunyar da iyalinsa ke ci, ba tare da jiki ya koma inda ya fito ba. Sannan akwai wani shayin rage tumbi da ake yawo da shi a kasuwa, ko in gwada shi?

Malamar Asibiti:

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da abin da ba a cika faɗa wa mutane ba a ranar da ake sa su rejim, wato jikin da ya sauke ƙiba ba ya yarda da saukar nan da nan, yana ta ja ne ya mayar da abin da ya rasa. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda aka gano a 1994, aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Idan kitse ya ragu leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga. Shi kuma tumbi yana fitar da girelin, mai tayar da yunwa. A wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostareliya, aka wallafa a 2011, an bi mutanen da suka rage nauyi cikin mako goma, aka tarar shekara guda bayan nan girelin ɗinsu yana sama, leptin yana ƙasa, kuma suna jin yunwa fiye da yadda suke ji kafin su fara. Saboda haka kada ku ɗauki kilo huɗun nan a matsayin kasawa ko kwaɗayi, haka halittar take.

Akwai kuma lissafi na biyu. Jiki mai kilo 86 ba ya ƙone abin da mai kilo 98 ke ƙonewa, kamar yadda motar da aka sauke wa kaya ba ta shan man da take sha da lodi. Masu bincike suna ƙiyasta cewa kowane kilo da aka sauke yana rage buƙatar jiki da kalori 20 zuwa 30 a yini (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), to kilo 12 sun kai ragin kalori 240 zuwa 360. Wannan bai wuce cokali biyu zuwa uku na mai ba, domin babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kalori wajen 120. Ma'anarsa, ko da kun koma cin daidai abin da kuke ci a da ba tare da ƙarin loma ɗaya ba, nauyi zai hau, tun da abincin nan na mai kilo 98 ne. Rejim ɗin da kuka yi na hani ne, a bar wannan a bar wancan, irinsa kuwa yana da ranar ƙarewa. Abin da ya rage muku yanzu shi ne awo, kuma shi ba ya ƙarewa.

Cikin abin da kuka lissafa, inda na fi sa ido shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50 ga babba, in kuma an sauko zuwa giram 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya tana kai giram 5 ko ɗan fiye. Ku ƙirga wadda ke shiga koko, da ta fura, da wadda yara ke zubawa a buta sau uku, za ku ga kun wuce giram 50 tun kafin a kira magariba. Ga shi kuma abin da aka sha ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna, shi ya sa kuke iya shan fura sannan ku ci shinkafa a zama ɗaya. A ganina fura mai nono cikakken abinci ce, ranar da kuka sha ta da rana, shinkafar ta jira wata rana.

Sai abin da ya kamata a ƙara, domin ba komai ne ragi ba. Furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, da ganye su ne ke daɗewa a ciki, kuma Allah ya hore mana su da arha: Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, ga zogalen Jiratawa da ke shigowa gari kullum, ga ƙwai, ga nono, ga kifi. Hukumar da na ambata tana son babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da ƴaƴan itace a yini, gishiri kuma ya kasa giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin magi, abin da ya shafe ku kai tsaye saboda tansiyo.

A Amurka akwai wata rajista da masana biyu, Rena Wing da James Hill, suka buɗe a 1994, ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe shi shekara guda ko fiye, yawansu ya haura 10,000. Ba su haɗu a kan irin abinci ɗaya ba, amma sun haɗu a kan ɗabi'u: kashi 78 cikin 100 suna karya kumallo kullum, kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, kashi 90 kuma suna motsa jiki kimanin awa guda a yini.

Shayin rage tumbi kuwa, ku bar shi inda kuka gan shi. Mafi yawan irinsa gudawa ko yawan fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma ga mai shan maganin tansiyo yana iya zama haɗari.

Hajiya Uwargida, Sabon Gari:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni ban yi karatun asibiti ba, amma shekara shida ke nan ina riƙe da abincin maigidana tun da aka same shi da ciwon sukari, kuma abin da zan gaya maka shi ne maganar nan ba a shagonka take ba, a madafa take. Kai dai akushi kake gani, ba ka ga lokacin da aka karkata galan a kan tukunya. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a wajen mai ni dai idona bai san ƙima ba. Ranar da na fara awo na zuba mai yadda na saba a cikin kofi maimakon tukunya, na ƙirga shi da cokali, na sami goma sha huɗu a miyar dare ɗaya, ban da man shanun da ake yaryaɗawa a kan tuwo. Kunya ta kama ni ni kaɗai a tsakar gida. Tun daga ranar na ɗaure wani ƙaramin ludayi a wuyan galan, shi ne ma'auni, kuma litar da a da ba ta kwana huɗu yanzu tana kai mu mako guda da ƴan kwanaki. Babu wanda ya yi ƙorafi, domin miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo dama ba mai ke gyara su ba, daddawa ce da busasshen kifi da albasa.

Amma ka yi hankali da yadda za ka kawo maganar. Idan ka shiga gida ka ce a rage mai, mace za ta ji kamar kuɗin cefane kake so ka rage, ko kuwa girkinta ka raina, musamman inda ake da mace fiye da ɗaya, kowa na son ranar girkinta miya ta fi ta ƴar'uwarta sheƙi. Ka tara su ka faɗa musu abin da likita ya gani, ka bar kuɗin cefane yadda yake, ka ce abin da ya ragu daga mai a sayi ganye da kifi da shi.

Tuwon dare da ka bari lokacin rejim, ni ban ga dalilin barinsa ba, kuma barinsa ne ya sa ka dawo masa da ƙarfi. Maigidana yana cin tuwon hatsi ko na dawa kusan kullum, sai dai malmalarsa daban nake kwashewa, da ƙaramar mara, ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, miya kuma in cika masa ita da ganye. Hatsin ma na daina sa a surfe shi fes, ana barin ɗan dusa a jiki, tuwon ya fi duhu amma ya fi riƙe ciki. Kafin tuwo ya fito nakan aika masa da kwaɗon zogale ko na tafasa da ƙuli-ƙuli da tumatir, ba mai ko kaɗan, ya fara da shi. Da ɗari kuma, lokacin da kayan lambu suka yi arha, salati da karas da kokwamba ba sa yankewa a gidan.

Ƙosai kuwa, ka sani wake ne mai kyau da aka nutsar a mai. Waken nan idan aka yi alala da shi, ko aka dafa shi gudaji da albasa, ya fi kai ka azahar ba tare da cikinka ya yi kuka ba. Ba na ce ka bar ƙosai har abada ba, mu ranar Juma'a muke cinsa. Furar mahaifiya kuma kada ka mayar, wannan ba tarbiyya ba ce. Ka riƙa zuwa gaishe ta a lokacin da dama za ka ci na rana, ka roƙe ta da kanka a dama ba sukari, ka ce haka ka fi jin daɗinta, sai furarta ta zama ita ce abincinka na ranar.

Tsohon Malamin Lakwal, Tibiri:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, kuma na yarda da mafi yawansu, sai dai ina da ɗan saɓani da Malama a kan ƙirge-ƙirgen kalori da giram. Lissafinta daidai ne, amma mutumin da ke sa hannu a akushi ɗaya da maƙwabta uku ba shi da hanyar sanin giram nawa ya ci. Ni shekara talatin da wani abu ina ciyayya, kuma na san yadda take kama mutum: akushi huɗu, kowane sai an buɗe shi, kowane maigida yana kallon ko an taɓa na gidansa, wanda ya janye hannu da wuri a ce masa ya raina. Haka mutum zai ci abincin dare sau huɗu yana ganin sau ɗaya ya ci.

Ban ba ka shawarar barin ciyayya ba, domin zumuncin da ke cikinta ya fi kilo huɗu daraja. Abin da na yi lokacin da nawa nauyin ya dame ni shi ne na ƙayyade wa kaina loma, uku ko huɗu a kowane akushi, ƙanana, ina tsoma su sosai a miya, ina kuma jinkirtawa da hira har sauran su kai ƙasan kwano. Wanda ke ci a hankali ba a lura da cewa kaɗan ya ci, wanda ya wanke hannu da wuri shi ake gani. Na kuma roƙi abokan zamana mu riƙa fito da abinci bayan magariba maimakon bayan isha'i, domin ya sami lokacin sauka kafin a kwanta, aka yi ta gardama mako biyu sannan suka yarda.

Ma'aunin da nake bi kuwa tsoho ne, yana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, ƴan lomomi da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, in kuma babu makawa to sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Yara a makarantar allo sun haddace shi, amma mu manya muna tashi daga akushi muna sassauta tazuge. Ni alamar da nake dubawa ita ce in tashi in yi alwala in yi ruku'u ba tare da nishi ba.

A kan shayi, zagaye na farko shi ne mai ƙarfi, na biyu da na uku kusan ruwan sukari ne da kumfa. Ka sha na farko, ka ce a tsiyaya maka naka kafin a zuba sukari ko a sa kaɗan, sauran ka bar wa yara. Sannan ka ajiye babur wani lokaci. Daga Zariya zuwa kasuwa tafiya ce da ƙafa ke iya yi, kuma da sanyin safiya bayan asuba ba ta da wahala ko da a watannin zafi ne.

Mai Shagon Atamfa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, jiya da dare na sa aka auna man miya a gabana, ba zan faɗi adadin ba don kada in tona asirin gida, amma kin yi gaskiya. Baba Malam, maganarku ta jinkirta ci na gwada ta a daren, babu wanda ya ce mini komai. Malama, saura tambaya biyu. Shin in na lazimci azumin Litinin da Alhamis zai wadatar wajen mayar da huɗun nan? Sannan kin ce a riƙa hawa sikeli, to ni sikelin da ke kusa da ni na wani mai sayar da hatsi ne, kuma kowace rana abin da yake nunawa daban.

Malamar Asibiti:

Alhaji, azumin nafila ibada ce mai lada, kuma yana iya taimakawa, amma sharaɗinsa shi ne buɗa-baki kada ya zama ramuwa. Mun sha ganin mutanen da suka fito daga watan Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda kunu mai sukari da soye-soye da lemo a kowace faɗuwar rana. Idan za ku yi, ku buɗe da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, ku yi salla, sannan ku ci abincin dare irin na kullum ba ƙari. Tun da kuna da tansiyo, ku fara tambayar likitanku yadda za ku daidaita lokacin shan magani, musamman idan zafi ya shigo.

Bambancin da kuke gani a sikeli ba lallai laifin mai hatsi ba ne, nauyin mutum yakan motsa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da yamma saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki. Ku zaɓi rana ɗaya a mako, sikeli ɗaya, da safe kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, ku rubuta a littafin shago. Ku sa wa kanku iyaka, misali in an haura kilo biyu a kan inda kuke so, a ƙara matse awo a makon nan ba sai sun zama huɗu ba. Kuma kuna da abin da ya fi sikeli a shagonku, wato tef ɗin awon yadi. Ku zagaya shi a ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, abin da ake so shi ne ya kasa rabin tsawon mutum, wato santimita 87 a wajenku.

Baba Malam ya yi gaskiya cewa ba a ƙirga giram a akushi, ni ma ban ce a je ciyayya da alƙalami ba. Ƙirgar ta sau ɗaya ce, kamar yadda Hajiya ta yi da ludayinta. Tafiyar ƙafar da ya ambata kuma ku riƙe ta, mafi ƙaranci minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, in kun iya ninkawa ya fi ga wanda ke tsaron nauyi. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, masu sukari a bakin iyaka irin naku da aka sa su neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da minti 150 ɗin nan, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58. Ku a kilo 90 kuna da ragin kashi 8 a hannu har yanzu. Ku koma a sake auna muku sukari da tansiyo cikin watan nan, ku tafi da littafin da kuke rubuta awon a ciki.